TARIHIN JANAR KEMBALL, HAFSAN IGWA, DA LAMBOBIN DA YA SAMU

Babu wanda ya zauna a aji a ƙasar nan bai ji sunan Gwamna Lugga ba, da yawa kuma sun ji sunan Kanar Morland wanda ya shiga birnin Kano. Amma kaɗan ne suka san sunan hafsan da ya tsaya da rundunar Turawa a bayan ganuwar Sakkwato ran 15 ga watan Maris, 1903, ranar da daular Shehu ta faɗa hannun Ingilishi. Sunan wannan mutum George Vero Kemball. Sojan igwa ne, ya yi shekara 41 yana aikin soja, tun yana ɗan saurayi har ya yi furfura, ya kuwa tara lambobin girma da yawa daga ƙasashe dabam dabam. A yau muna so mu kawo wa masu karatu labarinsa, mu bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da kowace ta ci kafin ta hau ƙirjinsa.

Mutanenmu na Tafoki da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa suna da dalili na musamman da zai sa su kasa kunne. Yaƙe-yaƙe biyu daga cikin waɗanda suka ɗaukaka Kemball sun taɓa gefen ƙasarsu, ɗaya ta kudu wajen Maska da Birnin Gwari, ɗaya ta yamma wajen Kwatarkwashi.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Kemball cikin shekarar 1859. Gidansu gidan aikin ƙasar Hindu ne tun kaka da kakanni. Kakansa babban likita ne na sojan Bombay, ubansa Janar ne, baffansa kuma, watau Sir Arnold Kemball, shi ma sojan igwa ne, ya kuma yi shekaru masu yawa yana wakiltar Ingila a birnin Bagadaza, tun ƙasar Iraƙi tana hannun Turkawa. Masu karatu su riƙe sunan wannan birni, domin za mu komo kansa kafin labarin ya ƙare.

Ya yi karatu a makarantar Harrow, ɗaya daga cikin makarantun 'ya'yan manyan Ingila. Cikin 1878 aka ba shi muƙamin Laftana a rundunar igwa ta Sarauniya Biktoriya, yana da shekara 19 ko ƙasa da haka kaɗan. Ya kamata mu faɗi wani abu game da wannan runduna. An kafa ta tun 1716. A sauran rundunonin Ingila, har zuwa 1871, ɗan mai kuɗi yana iya sayen muƙamin hafsa kamar yadda ake sayen doki a kasuwa. A rundunar igwa ba a yin haka. Sai mutum ya koyi lissafi da awon nisa da sha'anin albarushi, ya ci jarrabawa, sa'an nan ya jira layinsa na ƙarin girma, ko da zai yi shekara goma yana jira. Saboda haka aka san hafsoshin igwa da haƙuri da bin ƙa'ida, da ƙin yin abu sai an auna. Wannan hali ya taimaki Kemball a wurare da yawa, a wuri guda kuwa ya kā da shi.

LAMBAR FARKO DA TA BIYU

Bai daɗe da ɗaura ɗamara ba sai ya sami kansa a yaƙin Afganistan na biyu, wanda aka yi daga 1878 zuwa 1880. Mafarin yaƙin shi ne tsoron da Ingilishi ke yi kada Rasha ta sami gindin zama a birnin Kabul, ta zo ta yi musu barazana a ƙasar Hindu. Yaƙin bai zo musu da sauƙi ba. Cikin watan Satumba, 1879, aka kashe wakilinsu a Kabul shi da 'yan rakiyarsa, cikin watan Yuli, 1880 kuma Afganawa suka karkashe musu wajen mutum dubu a Maiwand. Daga ƙarshe suka naɗa Abdurrahman sarki suka janye. Kowane soja da ya halarci wannan yaƙi an ba shi minda ta azurfa mai koren ƙyalle da jan baki. A bayanta an zana giwa ɗauke da igwa tana ratsa duwatsu tare da mayaƙa. Ita ce lamba ta farko da Kemball ya rataya.

Daga nan sai shekaru suka yi ta wucewa cikin aikin bariki da atisaye. Ya zama Kyaftin cikin 1886. Sai cikin 1895 wata rigimar gadon sarauta ta tashi a Citral, wata 'yar ƙasa a cikin manyan duwatsun arewa maso yammacin Hindu, wadda a yau take cikin Pakistan. Aka tsare wani jami'in Ingilishi da 'yan sojansa a cikin kagara tun farkon Maris har 20 ga Afrilu. Gwamnati ta tura mutum wajen 15,000 a ƙarƙashin Janar Low don su cece su, Kemball yana cikinsu. Suka keta mashigin Malakand da ƙarfin bindiga, suna jan kayansu da alfadarai da raƙuma a hanyoyin da ko jaki sai ya yi hankali. Aka ambaci sunan Kemball cikin takardar yabo da shugaban yaƙi ya aika wa gwamnati, aka kuma ba shi mindar ƙasar Hindu.

A nan ya dace mu bayyana wata al'ada ta sojan Ingila, don masu karatu su gane abin da ke zuwa gaba. Idan ƙananan yaƙe-yaƙe suka yi yawa a yanki guda, ba a buga sabuwar minda ga kowane ɗaya. Minda ɗaya ake bugawa, sa'an nan a riƙa maƙala ɗan siririn ƙarfe a jikin ƙyallenta, an rubuta sunan wurin da shekarar a kai. Wanda ya iya karanta ƙarafan nan yana iya duban ƙirjin tsohon soja ya faɗi duk inda ya taka. Cikin 1897 Kemball ya sake fita yaƙi a wannan iyaka, sa'ad da ƙabilun duwatsu suka tashi gaba ɗaya.

ZUWANSA ƘASAR NAN

Ran 1 ga Janairu, 1900, Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya ce ƙasar Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyar Sarauniya. Faɗa ce kawai a lokacin, gama ikonsa bai wuce bakin Kwara da Binuwai ba. Ƙarfinsa duka yana ga rundunar da ya kafa cikin 1897 da umarnin Joseph Chamberlain, Sakataren Ƙasashen Mallaka. Hafsoshinta Turawa ne, dakarunta kuwa galibi Hausawa ne da Yarbawa, da Hausa kuma ake ba su umarni. Wannan runduna ce Kemball ya shigo cikin 1900, yana da shekara 40 da haihuwa.

Ya iso a lokacin ƙunci. A wannan shekara mutanen Asante suka yi bore, suka tsare Gwamnan Gwalkwas a Kumasi, aka kwashi yawancin sojan Arewa aka tafi da su can tare da shugabansu Kanar Willcocks. Aka bar Kemball yana riƙon sauran, 'yan kaɗan, a warwatse a bakin kogi. A arewa da su kuwa akwai manyan sarakuna biyu da ba su ɗauki Turawa a bakin komai ba, watau Etsu Nupe Abubakar na Bida, da Sarkin Sudan Ibrahim na Kwantagora.

Shi Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse ne, Umaru kuwa ɗan Sarkin Musulmi Atiku ne, jikan Shehu Usmanu. Umaru ya kafa Kwantagora cikin 1864, ɗansa Ibrahim ya hau gadon cikin 1880. Jarumi ne wanda ba a musun jaruntakarsa, amma hare-harensa na kamun bayi sun mai da garuruwa da yawa na ƙasar Gwari da Kambari kufai, har suka kai Birnin Gwari, maƙwabciyar Sabuwa. Duk wanda ya san irin zaman ɗar-ɗar da mutanen kudancin Katsina suka yi a ƙarshen wancan ƙarni, tsakanin mahara daga kudu da mahara daga Maraɗi, ya san dalilin da ya sa garuruwan wannan yanki suka riƙa fakewa a gindin duwatsu da cikin ganuwa.

Da sojan Asante suka komo a ƙarshen 1900, Lugga bai ɓata lokaci ba. Cikin Janairu, 1901, Kemball ya ja runduna zuwa Kwantagora. Dawakin Sarkin Sudan suka fito suka tarye shi a waje, amma ba su iya kusantar layin bindiga ba. A ƙarshen watan birnin ya faɗi, Ibrahim ya fita ya yi arewa. Cikin Fabrairu aka nufi Bida, Etsu Abubakar ya gudu, aka naɗa Makun Muhammadu a madadinsa. Saboda waɗannan yaƙe-yaƙe biyu aka ba Kemball lambar D.S.O. Wannan lamba an ƙago ta cikin 1886 don hafsoshin da suka yi aiki na musamman a fagen fama. Gicciye ne fari mai bakin zinariya, ƙyallensa ja da shuɗin baki.

Labarin Ibrahim bai ƙare nan ba. Da jama'arsa ya sauka a ƙasar da ke tsakanin Zariya da kudancin Katsina, wajen Maska, ya ci gaba da abin da ya saba. Abin ya dami Sarkin Zazzau Kwasau har ya nemi taimakon Turawa, cikin 1902 kuwa wani Kyaftin Porter ya zo da sojan doki kaɗan ya kama shi. Ta wannan ƙofa Turawa suka sami shiga Zariya suka kafa bariki. Abin mamaki, cikin 1903 Lugga ya mai da Ibrahim gadonsa na Kwantagora, ya zauna a kai har 1929. Mutumin da aka ba Kemball lamba don ya kore shi, shi ne aka komo da shi bayan shekara biyu aka ba shi sanda.

YAƘIN KANO DA SAKKWATO

Cikin 1901 aka haɗa dukan sojan Ingila na Afirka ta Yamma, na Nijeriya ta Arewa da ta Kudu, da na Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, suka zama runduna guda. Aka naɗa Kemball babban sufetonta na farko, da muƙamin Birgediya. Aikinsa shi ne ya riƙa zagayawa ƙasa ƙasa yana duba shirinsu, yana kai rahoto Landan kai tsaye. Wannan ya sa ba ya ƙarƙashin Lugga sosai, Lugga kuwa ba mutum ne mai son a sa masa ido ba.

Cikin Oktoba, 1902, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarkin Kano Alu ya karɓe shi da girma. Lugga ya sami hujjar da yake nema. Manyan Landan kuwa suka tsorata, don suna jin labarin ganuwar Kano da yawan dawakinta, suna kuma gudun kada a maimaita irin abin da ya same su a wasu ƙasashe. Suka yi umarni Kemball ya je ya karɓi shugabancin yaƙin. Lugga bai so haka ba, ya fi amincewa da Morland, saboda haka aka gaggauta. Morland ya tashi daga Zariya ran 29 ga Janairu, 1903, da soja fiye da 700, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu. Ya fasa Bebeji a hanya, ran 3 ga Fabrairu ya shiga Kano ta Ƙofar Kabuga. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da yawancin mayaƙansa. Sarkin Shanu da 'yan bayin sarki suka tsaya a fada har aka kashe su. An ƙiyasta waɗanda suka mutu daga mutanen Kano wajen 300, Turawa kuwa mutum 14 aka yi musu rauni.

Igwan da aka yi wannan aiki da su ba manya ba ne. Irin na duwatsu ne, faɗin bakinsu milimita 75, ana kwance su gunduwa gunduwa, 'yan dako su ɗauka a ka, in an isa a harhaɗa cikin 'yan mintoci. Ganuwar Kano ta fi ƙarfinsu, harsashinsu nutsewa yake yi cikin ƙasa, sai da aka sami ƙofa wadda za a iya fuskanta sosai sa'an nan aka karya ƙyaurenta.

Kemball ya iso Kano bayan kwana goma, ya karɓi rundunar daga hannun Morland. A tsakiyar watan Fabrairu ya tashi da mutum wajen 600 ya nufi yamma. Lokacin hunturu ne, ga sanyin dare, ga ƙarancin ruwa, rijiyoyin ƙauyuka ba sa isar mutane da dabbobi. A halin nan rundunar Kano tana kan hanyar komowa daga Sakkwato. Da labarin faɗuwar birni ya iske su, Sarki Alu ya rabu da su cikin dare, jama'a ta kasu biyu. Wambai Abbas ya ɗauki nasa ya nufi Kano don ya yi sulhu, Waziri Ahmadu kuwa ya zaɓi yaƙi.

A wajen Kwatarkwashi, arewa maso yamma da Tsafe, tafiyar da ba ta da nisa daga ƙasar Faskari, 'yan sintirin Kemball suka yi karo da mutanen Waziri a ƙarshen Fabrairu. Wani Laftana Wright, da hafsa ɗaya da dakaru 44, suka ja dāga kusurwa huɗu a cikin sarƙaƙiya. Bisa ga lissafin Turawa, doki 1,000 da dakaru 2,000 suka yi ta kawo musu sura har wajen awa biyu. Waziri Ahmadu ya faɗi a nan tare da manyan Kano da dama, wasunsu 'yan taku kaɗan daga bakin bindiga. Aka ba Wright lambar V.C., wadda ita ce gaba da kowace lambar jaruntaka a Ingila. Dakarun nan 44 da suka tsaya tare da shi 'yan ƙasar nan ne, waɗanda suka mutu a gabansu ma 'yan ƙasar nan ne.

Daga Ƙauran Namoda Kemball ya ci gaba, ya haɗu da wasu sojan da suka zo daga Argungu, suka doshi Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu bai fi wata biyar bisa gado ba, gama cikin Oktoba, 1902 aka naɗa shi. Manyansa sun rabu a shawara, wasu suna ganin a yi hijira, wasu a yi sulhu, wasu a yi yaƙi. Daga ƙarshe aka fita aka ja dāga a filin Giginya a bayan gari. Da safiyar 15 ga Maris Kemball ya jera mutanensa kusurwa huɗu bisa tudu, ya sa igwa da bindiga mai ruwa suka buɗe wuta daga nesa, tun takobi da mashi ba su isa inda za su yi amfani ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi rundunar Sakkwato ta watse. Wasu 'yan mutane kaɗan suka ƙi gudu, suka tsaya kewaye da tuta, in ɗaya ya faɗi wani ya ɗauka, har aka gama da su. Turawan da suka ga wannan da idonsu sun rubuta shi da girmamawa.

Lugga ya iso ran 19 ga wata, ran 21 aka naɗa Attahiru ɗan Aliyu Babba Sarkin Musulmi. Daga can Lugga ya wuce Katsina a ƙarshen Maris, Sarki Abubakar ya karɓe shi ba tare da an harba bindiga ba, ta haka ƙasar Katsina duka, har da su Pauwa da Kogo da Maska, ta shiga mulkin Turawa. Shi kuwa Attahiru na farko ya yi gabas, talakawa dubbai suka bar gidajensu suka bi shi, har aka cim masa a Burmi ran 27 ga Yuli, 1903, ya yi shahada a can.

Ladan Kemball a wannan yaƙi shi ne lambar C.B., ta wata tsohuwar ƙungiyar girma da aka kafa cikin 1725, mai jan ƙyalle. Ya kuma sami mindar Afirka, wadda aka ƙago cikin 1902, mai ƙyalle rawaya da baƙin baki da siraran korayen layuka biyu, da ƙarafan da ke ɗauke da sunan Nijeriya ta Arewa. Ita wannan minda ba ta hafsoshi kaɗai ba ce, an ba dakarun baƙar fata irinta, an buga lambar mutum da sunansa a gefenta. Wanda ya tarar da irinta cikin tsohon akwatin kakansa, to, ya san inda kakan ya je.

IRAƘI, INDA LISSAFI YA ƘWACE

Cikin 1905 ya miƙa wa Morland aikin sufeto ya koma Ingila, ya yi shekaru yana aikin ofis a Ma'aikatar Yaƙi. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi cikin 1914 ya riga ya kai Manjo Janar, yana ƙasar Hindu. Cikin 1915 aka tura shi Iraƙi ya zama babban hafsan ofishin Janar Nixon, wanda ke yaƙi da Turkawa a bakin kogin Dijla. Nufinsu su kama Bagadaza, birnin da baffansa ya zauna.

Da fari sun yi ta cin nasara. Janar Townshend ya kama garin Kut cikin Satumba, ya matsa gaba har kusa da Bagadaza. Amma cikin Nuwamba Turkawa suka tare shi a Salman Fak, ya komo Kut da gudu, suka kewaye shi tun 7 ga Disamba. Aka haɗa runduna a ƙarƙashin Janar Aylmer don a cece shi, aka ba Kemball birged ta 28. Cikin Janairu, 1916 kaɗai suka yi manyan faɗa uku, a Shaikh Sa'ad da Wadi da Hanna, cikin ruwan sama da taɓo, ga ƙarancin jiragen ruwa da likitoci, masu rauni suna kwana a fili. Abokan gāba a nan ba masu mashi ba ne. Suna cikin ramuka, suna da igwa da bindiga mai ruwa irin na Ingilishi.

Ran 8 ga Maris aka yi abin da ya fi manne wa sunan Kemball a littattafan yaƙi. Aylmer ya shirya a yi tafiyar dare da mutum wajen 20,000, a zagaya ta hamada, a faɗa wa wata kagara mai suna Dujaila da asuba, wadda ita ce mabuɗin layin Turkawa. Aka ba Kemball babban kashi na rundunar. Mutanensa suka makara a hanya, gari ya waye ba su kai inda aka shirya ba. Duk da haka waɗanda ke gaba suka hango kagarar kusan babu kowa a ciki, gama Turkawa ba su yi tsammanin hari ta wannan gefe ba. Da an ruga a wannan sa'a, mai yiwuwa ne da an shiga. Amma tsarin da aka rubuta ya ce sai igwa ta yi luguden wuta tukuna, Kemball kuwa ya tsaya a kan tsarin, ya dakatar da mutanensa har a kafa igwa a auna nisa. Ƙarar igwan ita ta farkar da Turkawa. Cikin 'yan awoyi suka cika ramukan da soja, da aka tashi kai harin sai aka tarar da ƙofa ta rufe. Ingilishi suka yi hasarar mutum wajen 3,500 a ranar, tsakanin matattu da masu rauni, aka tuɓe Aylmer.

Ba daidai ba ne a ɗora wa Kemball laifin shi kaɗai, domin na sama da shi su suka rubuta tsarin, su kuma suka nace a bi shi. Amma masana tarihin yaƙin da yawa suna ganin hafsan da ke wurin, wanda idonsa ke ganin abin da na baya ba sa gani, shi ya kamata ya karya ƙa'ida a wannan safiya. Tarbiyyar shekara 38 ta sojan igwa ba ta bar shi ya yi haka ba. Dabarar da ta ba shi Kwantagora da Sakkwato, watau a tsaya nesa a bar wuta ta yi aiki, ita ce ta hana shi Dujaila.

Ba a taɓa zarginsa da tsoro ba. Cikin Afrilu ya sake jan birged ɗinsa zuwa ramukan Sannaiyat, aka karkashe mutanensa, shi kansa aka yi masa rauni. Ran 29 ga Afrilu, 1916, Townshend ya miƙa wuya da mutum wajen 13,000, bayan kwana 147 a tsare. Rundunar ceton ta yi hasarar mutum wajen 23,000 a banza. Da yawa daga fursunonin suka mutu a hanyar hamada da sansanonin Turkawa. Kwamitin binciken da aka kafa a Landan ya ɗora babban laifi a kan Nixon da Gwamnatin Hindu, har Sakataren Hindu, Austen Chamberlain, ɗan wancan Chamberlain da ya sa aka kafa sojan ƙasar nan, ya ajiye aiki cikin 1917. Bagadaza kuwa sai ran 11 ga Maris, 1917 ta faɗi, a hannun Janar Maude.

A farkon wannan wata na Maris ɗin, ƙanensa Arnold, wanda ke shugabancin wata bataliyar sojan Kanada, ya mutu a fagen fama a Vimy ta ƙasar Faransa.

ƘARSHEN AIKI

Da ya warke aka mai da shi ƙasar Hindu, ya riƙe babbar runduna a Mhow har yaƙi ya ƙare. Aka ba shi lambar K.C.M.G., ta ƙungiyar da aka kafa cikin 1818, wadda aka saba ba manyan ma'aikatan ƙasashen waje. Ƙyallenta shuɗi ne da jan layi a tsakiya, ita ce kuma ta sa ake kiransa Sir George. Masu karatu sun san wannan laƙabi na Sir, gama daga baya an ba manyanmu irinsa, kamar Sarkin Musulmi Abubakar na uku, da Sardauna Ahmadu Bello, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sarkin Katsina Usman Nagogo. Jikokin waɗanda aka yaƙa a Giginya sun rataya lambobi daga hannun da ya ba Kemball nasa.

Ya bar aiki cikin 1919. Daga baya rundunar igwa ta ba shi muƙamin girmamawa irin wanda take ba tsofaffin manyanta. Ya rasu ran 10 ga Janairu, 1941, yana da shekara 81, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a daidai lokacin da sojan Nijeriya, magadan rundunar da ya yi wa sufeto, suke yaƙi da Italiya a gabashin Afirka.

ABIN DA MUKA GANI

In an jera lambobin Kemball bisa tabarma, za a ga taswirar mulkin Ingila a zamanin ƙarfinsa, daga Kabul zuwa Citral, daga Bida zuwa Sakkwato, daga nan zuwa bakin Dijla. A wajen mutanensa ma'aikaci ne mai biyayya, wanda ya tafi duk inda aka aike shi, ya kuma zub da jininsa yana da shekara 56. Mu kuwa ba za mu iya duban lambar C.B. ɗin nan ba tare da tuna masu tutar Giginya da Waziri Ahmadu ba. Haka kuma gaskiya ba za ta bar mu mu ɓoye cewa faɗuwar Kwantagora ta kawo wa talakawan Gwari da na kudancin Katsina sauƙin kamun bayi ba, ko da yake harajin Bature da aikin tilas sun biyo baya.

Abin da muke roƙo shi ne malaman makarantunmu, musamman na wannan yanki, su riƙa kai yara su ga Kwatarkwashi, su kuma tambayi dattawa abin da suka ji daga iyayensu game da shekarar zuwan Nasara, a rubuta tun masu labarin suna da rai. Turawa sun adana sunan kowane hafsa nasu da ranar da ya sami kowace lamba. Dakarun nan 44, da 'yan dakon da suka ɗauki igwa a ka daga Zariya zuwa Sakkwato, da waɗanda suka mutu a gindin tuta, yawancinsu ko sunayensu ba mu riƙe ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.